Sidin Mato mai cincinga

Duk wanda ya zauna a Zangon Lome a zamanin da jam'iyya ɗaya ke kiɗanta tana rawarta ya san Mato mai cincinga, wato tsire. Dogo ne siriri, ga taurin kai na bala'i, kuma in ka kira shi ɗan Lome sai ya haɗe rai kamar ka zage shi. Shi ɗan Kumasi ne. A can aka haife shi, a gidan ubansa mai ɗaki shida. A 1969 gwamnatin Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya fita, kuma sai ran nan Mato ya san wai shi baƙo ne. Ya sayar da gidan a wulaƙance ga maƙwabcinsu Idrisu, ya ɗora matarsa Ajaratu da yara a bayan lori, suka sauka Lome da tabarmi da tukwane. Tun daga nan burinsa ɗaya ne a duniya, ya koma ya fanshi gidan ubansa.

To, ga inda ya cuci kansa. A bakin titi a unguwar Amoutivé yake kafa tukubarsa, ciniki kuwa masha Allah, kuma duk da sefa ake biyansa. Amma shi Mato bai ɗauki sefa a bakin kuɗi ba. Yakan ce wannan kuɗin Faransa ne, na masu karyawa da burodi. Kuɗi shi ne sidi na Gana, tunda da sidi ake sayen gida a Kumasi. Saboda haka duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya taka har bakin iyakar Gana a Aflao, wajen Iddi ɗan canji, ya juye ribar mako ta koma sidi, ya kawo gida ya danna a buhun fulawa a ƙarƙashin gado.

Da farko jikar sefa guda, wato sefa dubu, sidi huɗu take ba shi, ko kusa da haka. Ana nan ta koma goma, ta haura ashirin. Kowa a Zango ya san abin da wannan ke nufi. Matan da ke tsallaka iyaka da sabulu da atamfa tuni suka daina yarda sidi ya kwana a lalitarsu. Mato kaɗai ke murna, yana kallon buhu na kumbura, yana cewa Allah ya kawo sauƙi, sidi ya yi araha.

Shi Iddi, a gaskiya, ya fita haƙƙinsa.

"Yaya Mato, kuɗin nan fa narkewa yake. Mu da muke sana'ar ma ba ma barin shi ya kai gobe."

"Kai dai miƙo mini. Ƙasar koko da zinariya ce za ta faɗi?"

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango, aka kwashe mutane zuwa can bayan gari, cikin fadama da sauro. Masu sefa suka sayi bulo da kwano suka ta da ɗakuna. Ajaratu, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta durƙusa ta roƙe shi.

"Malam, ka ciro ko rabi ne mu yi ɗaki biyu. Yaran nan sun girma."

"In yi gini a ƙasar mutane? Bana za mu tafi gida."

Wannan bana ta sha jin ta har ta gaji. Suka kama hayar ɗaki ɗaya mai yoyo, ita ta ci gaba da dama koko da suyar ƙosai tana ciyar da gida. Abin haushin shi ne Mato ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba, ko rigar kirki bai taɓa ɗinka wa kansa ba. Kowane sisi buhu yake kai wa.

Wata safiya a watan Maris na 1979 aka wayi gari an garƙame iyaka. Rediyon Gana ta ce an canja takardun kuɗi: mai tsohon sidi ya kai banki kafin wa'adi, a zaftare masa wani abu, a ba shi sabo. Na wajen ƙasa kuwa su ji da kansu, don dama saboda irinsu aka rufe ƙofar. Mato ya saɓa buhu ya bi ta bakin teku, soja suka koro shi. Ya zaga ta gonakin rogo, suka koro shi da gindin bindiga. Ko da aka buɗe iyaka wa'adi ya riga ya wuce. Iddi bai ma yarda an kwance bakin buhun ba. Gumin shekara da shekaru ya tashi a takardar banza.

Ciwo ya kwantar da shi har damina ta shigo. Da ya miƙe ba ya maganar komai sai Kumasi. So yake ya je ya roƙi Idrisu ya yi masa haƙuri, kada ya sayar wa wani, shi zai sake tarawa daga farko. Ajaratu ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗin mota daga cinikin koko.

Ya tarar da Kumasi a bushe, kantuna wayam, mutane na layin sabulu. Idrisu ya tsufa ya rame, ya karɓe shi hannu bibbiyu a zaure. Kafin Mato ya kawo roƙonsa sai tsohon ya riga shi.

"Alhamdu lillahi da Allah ya kawo ka. Na daɗe ina neman wanda zai kai maka saƙo. Gidan nan sayarwa zan yi, kuma kai ka fi kowa cancanta. Sai dai don Allah kada ka kawo mini sidi, yanzu ko akuya ba mai sayarwa da shi. Kai da kake Lome ai cikin sefa kake kwana. Sefa za ka ba ni."

Ya faɗi kuɗin. Mato ya yi lissafi a ransa. Abin da Idrisu ya ambata bai kai rabin sefar da shi da hannunsa ya miƙa wa Iddi ba, Juma'a bayan Juma'a.

"Yaushe zan sa rai?" in ji Idrisu.

Mato ya ce sai ya yi shawara da iyali. Ya zura takalmansa ya nufi tasha, ko tsakar gidan bai leƙa ba, kuma bai sake taka Kumasi ba har Allah ya karɓi ransa.