Askin Fursuna

"To ni ban ga abin ɓacin rai ba, Baba," in ji surukinsa, mai shagon askin. "Allo kawai za mu kafa a ƙofa: askin fursuna, daga hannun wanda ya yi zaman gidan yari. Wallahi layi za a yi."

Baba mai aski ya ci gaba da goge inji, bai ɗago ba.

Tun da aka sake haska tsohon fim ɗin nan na gidan yari a talabijin, samarin unguwa suka haukace. Kowa so yake a yi masa ƙwal kwabo irin na jarumin, har da ɗan tabon reza a bayan kunne. Jiya wani ya ce wai har kuka fim ɗin ya sa shi, yana faɗa yana gyaran gira a madubi.

Baba ma ya kalla, amma rabi. Bai ce ƙarya aka nuna ba. Shewar masu kallo ce ta tayar masa da zuciya, daidai inda ake danne sabon shiga ana aske shi. Ya taɓa riƙe irin wannan rezar. A gidan yarin ya koyi sana'ar: reza guda ga ɗaki guda, ba sabulu, kwarkwata na bin yatsunsa, warin bokitin bahaya na shiga har maƙogwaro. Da ya fito, an daɗe kafin wani ya yarda ya miƙa masa wuya. Jikokinsa kuwa ba su san komai ba, sai kakansu mai alawa a aljihu.

"In na ƙi fa?" in ji Baba.

Surukin ya sosa ƙeya. "Kujerar nan dai, Baba, akwai masu nemanta."

"Tabon ma ni zan yi musu? Da gangan?"

"Ai shi suka fi so."

Baba ya ja tsaki. Ya sauke tawul daga kafaɗa, ya ninke, ya ajiye kan kujerar. Ya zuba almakashi da mataji da reza a tsohuwar jakarsa. Injin na shago ne, ya bar shi.

"Ka gaida 'yata. Ka ce mata da ƙafata na tafi, kada ta yi maka faɗa."

"Haba Baba, ina za ka?"

"Tsohon direban nan da jikinsa ya shanye yana jirana. Gemu ya kai masa ƙirji."

Ya rataya jakar, ya ratsa samarin da ke kan benci, ya bi gefen titi.