Farantin Malam Sanda a Jirgin Ruwa

Malam Sanda ya daɗe yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke hanyar McLeansville. Tun zuwansa birnin Greensboro daga ƙasarsu bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. A wurin aiki shi da wasu 'yan Nijar biyu suke haɗa hannu a kwano ɗaya, a gida kuma shi da matarsa Hadijatu. Ya yi ritaya a bazara, Hadijatu ta rasu kafin sanyi ya shigo. Daga nan wandunansa suka fara yi masa yawa.

'Yarsa Ilham ma'aikaciyar jinya ce, ba ta ɓoye magana. Ta ce in bai mayar da jikinsa ba, zai bar gidan hayarsa ya koma wurinta a garin Pleasant Garden, inda ko masallaci sai an kai mutum a mota. Shi kuwa ba ya so. Sai ta saya musu tikitin katafaren jirgin ruwan yawon shaƙatawa.

"Baba, a can abinci ba ya ƙarewa. Ko dutse aka kai sai ya yi ƙiba."

"To, Allah Ya sa."

Ba ta yi ƙarya ba. Ga kifi gasasshe, ga jatan lande, shinkafa kala-kala, taliya, kankana an sassaƙa ta kamar fure. Amma jirgin na tashi jiri ya kwantar da Ilham a ɗaki. Malam Sanda ya riƙa hawa wurin cin abinci shi kaɗai, ya cika faranti, ya zauna kusa da taga. Duk wanda ya gitta sai ya tura farantin gaba kaɗan, ya nuna shi da hannu, ya ce, "Bismillah," kamar yadda aka saba. Mutane sukan yi murmushi su wuce. Masu hidima kuwa sun ɗauka yana nufin ya gama, sai su ɗauke farantin, su goge teburin. Bai taɓa hana su ba. Yakan zauna yana kallon ruwa.

"Baba, yaya abincin?" in ji Ilham daga kwance.

"Akwai shi da yawa."

"Daɗi nake tambaya."

"Kifin ya dahu. Shinkafar ma ta dahu."

Ranar da suka dawo, a mota daga filin jirgin saman da suka sauka bayan barin tashar jirgin ruwa, Ilham ta yi ta satar kallon wuyan rigarsa da ya ƙara yi masa yawa. Ba ta tayar da zancen komawarsa wurinta ba. Sun wuce kwanar unguwarsa da masallacin da yake takawa da ƙafa, sannan ya gyara zama.

"Ɗakin da zan zauna a gidanki," ya ce, "ta wane ɓangare alƙibla take?"