Kunnen Mai Ƙwai

Duk layin nan babu wanda zai ce ya taɓa sayen ruɓaɓɓen ƙwai a teburin Inna Mai Ƙwai, babu kuma wanda zai bugi ƙirji ya ce ta taɓa yarda da shi. Teburin yana ƙofar gidanta, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano, kiret a kan kiret, da tsohon buhu a shimfiɗe ƙasa saboda wanda zai suɓuce. In motar gona ta kawo kaya da safe, direban ya riga ya san sai ya kashe inji ya nemi wurin zama, domin sai Inna ta ɗauki ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya, ta kai kunne, ta girgiza. Ƙwai mai kyau ba ya cewa komai. Wanda ya lalace kuwa za ka ji ruwa yana kaɗawa a ciki, sai ta ajiye shi gefe, ta bi direban da wani irin kallo kamar shi ya nasa shi.

Da wannan kunne ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa, da shi ta rene 'ya'ya, da shi kuma take auna mutane. Mai yawan magana a wurinta ya ruɓe. Mai tsawaita gaisuwa akwai abin da yake nema. In ka yaba mata zane, sai ta waiga ta duba ko kiret ɗinta sun cika.

Mutum ɗaya tak aka yafe wa surutu a gidan, jikarta, wadda kowa yake kira Rediyo. An kawo ta tana ƙarama lokacin da uwarta ta kwanta ciwo, uwar ta warke, yarinya ta zauna. Tun daga buɗe ido Rediyo take magana, da kaji, da tsintsiya, da masu sayen ƙwai, har da barci a idonta. Inna takan ce, "Ke dai wa zai nuna min inda ake kashe ki," amma ranar da zazzaɓi ya rufe bakin yarinyar, Inna kasa cin abinci ta yi.

Uban yarinyar, ɗan Inna, makanike ne a wani gari mai nisa. Da aka koma makaranta ya bugo waya.

"Inna, yarinyar nan ta shiga aji biyu. In shekara ta ƙare ba ta iya karatu ba, zan zo in ɗauke ta. Akwai makaranta kusa da mu."

"Kai ka faɗa, ko an ce ka faɗa?"

"Haba Inna."

"Ka gaida matarka," ta ce, ta kashe wayar. Ta san bakin da maganar ta fito, ko dai tana ganin ta sani. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji, domin ɗan nan nata bai cika magana biyu ba.

Makarantar firamaren gwamnati ce, tana ƙarshen layi. Inna ba ta taɓa damuwa da abin da ake yi a ciki ba, tunda ita kanta ba ta yi boko ba, sai yanzu da zaman Rediyo ya rataya a kanta. Ta tambayi tela, ya ce makaranta ce mai kyau. Ta tuna matarsa ce take sayar da alewa a bakin get ɗin, ta zubar da maganarsa. Ta tambayi mai kemis, ya ce ɓata lokaci ne. Ta tuna ƙaninsa ya buɗe makarantar kuɗi a bayan kasuwa, ta zubar da tasa ma. Ta je ta ga an yi wa katangar gaba sabon fenti, ta sa farce ta kankara, tsohon datti ya leƙo. Ta gyaɗa kai, ai dama ta faɗa.

Ba ta shiga ta get ba. A ganinta duk wanda ya shiga ta ƙofa, inda aka share za a nuna masa. Sai ta zagaya ta baya, wani ɗan lungu tsakanin bangon azuzuwa da rumfar kafinta, inda tagogi suke sama sun fi ƙarfin tsayinta. Ba ta bukatar gani. Ta jingina da bango ta kasa kunne, kamar yadda ta saba.

Aji biyu kashi biyu ne. Na Rediyo yana kusa da ofis, wata malama mai tabarau take riƙe da shi. Abin da Inna ta ji a ƙarƙashin tagarsa ya ɗaga mata hankali: jan benci, tafi, dariya, wani yaro yana ihu "Ba haka ba ne!", wata tana rantsuwa haka ne, ga muryar Rediyo a saman ta kowa. Ita malamar ma muryarta ta dishe. Inna ta ja tsaki ta matsa tagar gaba, ajin da ke can ƙurya. Shiru. Ta tsaya har ƙafarta ta yi tsami, ba ta ji komai ba sai tarin wani yaro da kukan zarton kafinta a bayanta. Ta sake dawowa washegari, ta dawo bayan kwana biyu, ba abin da ya canja.

Da yamma ta tambayi Rediyo, "Ajin ƙurya su nawa ne?"

"Ba su da yawa, Kaka. Kowa da wurin zamansa. Mu kuwa har a ƙasa muke zama."

Shi ke nan, lissafi ya fito. An ware aji mai natsuwa, mai yalwar benci, an ɓoye shi a ƙurya don 'ya'yan masu hali, an tara na masu ƙwai da masu alewa ana ta kaɗa su. Ba ta tsaya ta tambayi kanta me ya sa ajin ya zama ba kowa ba. Da ta tambayi tela, da ya gaya mata iyaye ne suke zare 'ya'yansu daga can ɗaya bayan ɗaya, amma tela ai an riga an zubar da shi.

Ofishin hedimasta ɗan ɗaki ne, tebur mai ƙafa ɗaya a kan nannaɗaɗɗen kwali, da tulin kujeru karyayyu a kusurwa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Inna, da kin bar yarinyar inda take."

"Saboda me?"

Ya dubi ƙofa, ya sosa kunne. "Malamar nan tana ƙoƙari sosai."

"Shi na ƙuryar ba ya ƙoƙari?"

"Ban ce ba."

Bawan Allah ba zai iya tsinka abokin aikinsa a gaban uwar yara ba, ga shi ya rubuta ƙorafi sama tun bara ba amsa. Gaskiya da ya daure ya faɗa mata ƙiri-ƙiri, da ya kyauta. Ita kuwa Inna abin da ta gani shi ne mutum yana kallon ƙofa yana sosa kunne, kuma haka direban gona yake yi ranar da ya cakuɗa mata tsohon kaya.

"Na gane, Malam," ta ce. "Mu ba mu kai ba ke nan. To jikata ba ta fi kowa ba, kuma ba wanda ya fi ta. Ko a mai da ta can, ko in zauna a nan har a tashi."

Ta gyara zama a kan kujerar baƙi. Hedimasta ya dube ta, ya sauke numfashi, ya ce, "To, ke kika ce."

Rediyo ta yi kuka ranar farko, ta yi ta biyu, daga nan ta daina. A hankali surutun ya ragu. Ta daina yi wa kaji waƙa, ta daina tare masu saye da tambaya. Takan dawo ta ajiye jaka ta zauna a gefen tebur tana kallon titi. Inna ta yi farin ciki, har ta gaya wa matar tela cewa karatu ya fara shiga, shi ya sa yarinya ta natsu. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wani layi da take gani kullum a goshin Rediyo in ta dawo, kamar an danna mata gefen katako.

"Dukanku yake yi?"

"A'a, Kaka, ba ya duka."

"To me yake yi?"

"Ba komai."

Inna ta ɗauka amsar yara ce, ta shafa mata mai a goshin.

Shekara ta yi nisa sosai ranar da 'yar tela ta zo sayen ƙwai. Ita a ajin hayaniya take. Tana jiran a ƙulla mata, sai idonta ya faɗa kan kwalin da ake kawo kiret a ciki, ta sa yatsa tana bi. "A... ɗau... ka... a han... ka... li." Ta yi tsalle, ta maimaita da ƙarfi. Inna ta juya ga Rediyo.

"Ke fa? Karanta na ƙasan."

Rediyo ta kalli kwalin, ta kalli ƙasa. "Ba a koya mana ba."

Da farko Inna ta ce tela ne ya haddace wa 'yarsa don a ci mata fuska. Ta juya kwalin ta nuna wani rubutu daban, yarinyar ta yi ta fama har ta fitar da shi. A sana'ar Inna, in kunne ya yi kokwanto, abu ɗaya ya rage, a ɗauki ƙwai guda a fasa a kwano a gani da ido.

Da safe ta rufe tebur da buhu, ta shiga ta get, ta bi baranda har ƙurya. Ƙofar a buɗe take. Malamin yana zaune daga ciki, ƙafa a kan wata kujera, waya a hannu, abin ji a kunne. Rubutun allo ya dusashe, an ga ya kwana biyu ba a taɓa shi ba. Yaran kuwa duk sun kife kai a kan benci, hannu a naɗe, domin dokar ajin ke nan, wanda ya ɗago sai ya durƙusa a rana. Ta hango Rediyo a layi na biyu, goshinta a kan gefen katako, idonta biyu, tana kallon tururuwa a ƙasa.

Malamin ya zare abin kunnen. "Lafiya, Inna?"

"Me suke yi?"

"Suna ɗan hutawa ne."

Ko ƙararrawar tara ba a buga ba. Inna ta sake duban yaran. Akwai wani ƙwai da ba ya kaɗawa, kuma ta san shi sarai, wanda ya daɗe har ya bushe a ciki. Shi ma shiru yake yi a kunne. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Ta dawo ta tsaya a ƙofar ajin hayaniya, karon farko tana kallo. Yara sun yi gungu-gungu a ƙasa, gaban kowane gungu tarin murafen kwalba, kowane murfi da harafi a kai. Malama ta faɗi kalma, su yi ta wawaso suna jerawa, suna musu, wanda ya gama ya yi ihu. Hayaniyar ke nan. Da malamar ta fito tana goge alli a hannu, Inna ta gaishe ta, gaisuwa mai tsawo irin wadda ita kanta ba ta yarda da ita.

"Ki kawo ta gobe, Inna," in ji malamar, muryarta a dishe. "Sai dai wurin zama babu, kuma jarrabawa ta matso. Zan yi iya yina."

Rediyo ta koma da 'yar kujerar da Inna take zama a bakin tebur. Inna ta riƙa tsayuwa tana ciniki, ta bi masu shaguna tana tara murafen kwalba, har mai kemis ya tambaya ko ta canja sana'a. Baki ya fara dawo wa yarinya, haruffa suka fara zama. Amma abin da aka rasa a wata da watanni ba ya dawowa a 'yan makonni.

Da aka yi hutu makanike ya zo. Bayan ya ci abinci ya zauna a tsakar gida, ya buɗe littafin karatun aji biyu, ya ɗora 'yarsa a gefensa. Ta karanta kalma ta farko, ta karanta ta biyu, ta maƙale a ta uku. Ta ɗago ta kalli kakarta.

"Hasken nan ba kyau," in ji Inna. "Kuma ka tsare ta da ido. Kuma makarantar nan, ba ka san abin da suke yi ba. Akwai wani malami a ajin ƙurya, kwana kawai yake sa su. Hedimasta ya sani ya yi shiru."

"Da ba ajin mai tabarau take ba? Yarinyar da kanta ta gaya min a waya tun farkon shekara. Wa ya mai da ta can?"

Inna ta hau tattara kwanukan abinci. Ɗanta ya dube ta, ya sunkuyar da kai, bai sake tambaya ba. Ya rufe littafin a hankali ya ce, "Inna, ba don in ɓata miki ba ne. Duk hutu zan kawo ta."

Ta haɗa mata kaya da kanta. Ta zuba murafen kwalbar a leda ta cusa a gefen jaka, ta dafa ƙwai ta ƙulla musu na hanya. Rediyo ta yi ta magana har bakin mota, tana barin saƙo ga kaji da 'yar tela da malama, sai da motar ta tashi sannan ta fashe da kuka.

Inna tana nan a teburinta, tana girgiza ƙwai, direban gona yana jira. Kwanan baya wata matashiya, sabuwar zuwa layin, ta tsaya da ɗanta a hannu ta tambaye ta ko makarantar can tana da kyau. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Inna."

"To kar ki ji maganar kowa, har da tawa. Ki shiga ciki, ki tsaya a ƙofar aji ki gani da idonki."

In ta tashi da yamma takan kulle kiret, ta shiga ɗaki, ta kunna tsohuwar rediyon marigayi da ta yi shekaru a saman kabad. Ba ta damu da tashar da ta kama ba, kuma in ka tambaye ta me aka ce ba za ta iya gaya maka ba. Takan dai ƙara murya, ta zauna a bakin gado.