Hanyar Motar da Ta Raba Kakata da Aminiyarta

Shekarun baya can, tun Bature bai bar ƙasar nan ba, ina 'yar budurwa mai rawar kai, mutanenmu suna zaune a kan dutse arewa da Lafia. A nan aka haife ni. Gidajenmu manne suke a jikin dutsen, wani bisa wani. In ka tsaya a ƙofar ɗakinmu, rufin maƙwabta ne a ƙarƙashin ƙafarka. Gonakin ma haka suke hawa-hawa, kakanni sun tare su da duwatsu, muna shuka acca da dawa da wake.

Kakata, wadda ta haifi babana, tana da aminiya da gidanta ke ƙasa da namu. Tare suka tashi, tare suka yi aure, mazansu kuma suka rasu ba da nisa tsakani ba. Mu yara muna ce wa tamu Kaka ta sama, waccan kuwa Kaka ta ƙasa. Ba sa buƙatar ziyara. Kakata ta leƙa ta kan katanga ta yi magana, ta ƙasa ta ɗaga kai ta amsa. In gishirin Keana ya ƙare wa ɗaya, a ƙoƙo ake zura mata da igiya. Faɗa kuwa ba ranar da ba sa yi, a kan kaza, a kan wanda ya fi iya dama kunu, a kan abin da ya faru tun kafin a haifi babana.

Wata damuna aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani ƙaton dutse ya ɓalle daga sama ya danne ɗaki da mace da goyonta a ciki. Ba a daɗe ba hukuma ta aiko. Aka tara maza aka ce daga yanzu ba wanda zai sake gina ɗaki a gangaren dutse, waɗanda ke zaune a wurin kuma su sauka kafin wata damunar. An ware mana fili a gefen Lafia, bakin hanyar mota. Dattawa suka ce dama an daɗe ana neman dalili, don masu karɓar haraji da masu yin lambar rigakafi sun gaji da hawa. Wataƙila haka ne. Amma matar nan da ɗanta mun binne su da hannunmu, ba wanda ya iya musu sosai.

Babana ma murna ya yi. Ya fara sayar da doya a lokacin, saukar da ita daga dutse kuwa azaba ce. Ranar da malamin awo ya zo kafa fegi, babana ya yi sammako ya zaɓi fili ta gabas da hanya, kusa da inda motoci ke lodi. Ɗan Kaka ta ƙasa ya makara, yana can yana yankan dawa, sai aka ba shi ta yamma. Da kakata ta ji ta tambaya, babana ya ce, "Inna, ai ga gidan ga gidan. Kina zaune a ƙofa kina ganinta."

Gaskiya ya faɗa, ana ganin juna. Sai dai tsakani akwai hanya.

Ku yaran yanzu za ku yi dariya in na ce hanya. Jar ƙasa ce, ba kwalta, kuma motocin ba su da yawa. Matsalar ita ce wurin gangare ne mai sauka zuwa rafi, da kwana a samansa. Manyan motoci masu bodin katako suna fitowa daga kwanar nan cike da riɗi da doya, mutane a zaune bisa kaya, direba ya sake ta tana gudu don ta samu ƙarfin hawa ɗaya gefen. Kafin ka ji ƙara ta iso.

A makonmu na farko wata mota ta take karen maƙwabta a gaban idon kakata. Daga ranar ta ce ita da hanyar nan har abada. Matar da take hawa dutse da tulu a ka, ba ta ko dafa ƙasa, ta kasa taka fili shimfiɗaɗɗe. Idonta ma ya fara yana, ba ta gane nisan abu. Na ce mata, "Kaka, dutsen da kika baro ai ya fi wannan haɗari." Ta amsa da yarenmu, don Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba: "Dutse yana tsaye inda yake. In na faɗi, ƙafata ce ta yi laifi. Wannan abin shi ke tasowa ya zo nemanka."

Ni kuwa lokacin, Allah ya yafe min, ko ba a aike ni ba sai na tsallaka, don kawai direbobi su yi min hon su ɗaga hannu. Gani nake na waye, na zama 'yar gari.

Kaka ta ƙasa, wadda yanzu muka koma kira Kaka ta tsallake, ita ba ta san tsoro ba. Kowace safiya sai ta ɗauko sandarta da ƙwaryar kunu ta shigo hanya a hankalinta. In ta hango mota sai ta ɗaga mata sanda kamar mai korar saniya daga gona. Ta wuni a wurinmu suna tsinke gyaɗa suna faɗansu, da yamma ta koma. Ɗanta ya hana, ta ce shi bai isa ba.

Mazan unguwa sun ga abin da ke tafe, don ba tsofaffi kaɗai ba ne, rijiya tana wancan gefen, yara da mata kullum suna kan hanyar. Babana da wasu dattawa suka ɗauki malamin cocinmu, don shi ya fi iya Hausar manya, suka tafi gaban majalisa. Da ya dawo mahaifiyata ta tambaye shi yadda aka yi. Ya cire hula ya ce, "Sun saurare mu, ba su wulaƙanta mu ba. Sun ce hanyar ba a hannunsu take ba, ta masu aikin hanya ce, za su aika musu. Mu yi haƙuri damuna ta wuce."

Damuna ba ta wuce ba abin ya faru. Ranar kasuwa ce da hantsi, ina shara a ƙofar gida. Na ga Kaka ta tsallake ta kai tsakiyar hanya, na ji hon ba ƙaƙƙautawa, na ga ta ɗaga sandar nan. Direban ya yi ƙoƙari, ya kauce har ya kusa kifar da motar, amma gefen bodi ya ɗebe ta ya jefa cikin lambatu. Ya sauko, babban mutum da gemunsa yana kuka, yana cewa, "Na yi hon, wallahi na yi hon! Birki ne ya ƙi. Mama ta tsaya kawai, ba ta gudu ba!"

Ba ta mutu ba, ƙugu ne ya karye. Aka kai ta gidan ɗanta, aka kira maɗori ya yi iyakar yinsa, amma ba ta sake takawa ba.

Kakata ta ji komai daga ƙofa. Kwanakin da suka biyo baya, da safe sai ta fito ta tsaya a bakin hanya ta ƙwala kiran aminiyarta, ta kasa kunne. Waccan tana kwance a ƙuryar ɗaki, muryarta ba ta kai ko tsakar gida. Ni ce ke kai saƙo in dawo da amsa, kuma duk abin da na kawo kakata ba ta yarda. "Ƙarya kike. Ta mutu kuna ɓoye min."

Wata safiya na tarar ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure tukunyarta ta miya da lofenta a zane. Ta miƙo min hannu ta ce, "Riƙe ni." Na duba sama na duba ƙasa, ba mota ba alamarta, sai wani zakara da ke kiwo a tsakiyar hanya. Ta runtse ido gam, ta kafa min farce a hannu har jini ya fito, muka taka. Muna tafe tana kiran sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Da muka kai na ce, "Kaka, mun iso." Ta zube a ƙasa ta daɗe tana mayar da numfashi, sannan ta tashi ta kakkaɓe zane ta shiga gidan kamar ba abin da ya faru.

Ta tsallake ta ɗago kai daga shimfiɗa ta dube ta. "Sai da aka karya ni kika ga damar zuwa?"

"Wa ya aike ki faɗa da ƙarfe? Saniyar ubanki ce?"

Suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, matar gidan ta ja ni waje.

Mun ɗauka kwana biyu za ta yi. Ashe ta tafi ke nan. Ita ke yi wa aminiyarta wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki. Ni kuma na koma kai mata tuwo daga gidanmu, don ta ce miyar surukar mutane ba ta da daɗi, a gaban matar take faɗa.

Bayan haɗarin hukuma ta motsa. Aka jera ganguna cike da duwatsu a gangaren, aka shafa musu farar ƙasa, aka kafa allo kafin kwana. Ranar kasuwa ana ajiye ɗan doka da usur yana tsayar da mota mutane su wuce. Aka mayar da wurin lodi can gaba, aka share mana 'yar hanyar ƙafa a gefe. Abin ya yi amfani, ban sake ganin an buge kowa a wurin ba har na yi aure.

Babana ya tsallaka ya durƙusa gabanta. "Inna, an gyara hanya. Ki dawo gida, kullum a riƙa kawo ki." Ta ce ta ji, ya gaida yara. Bayan wasu shekaru Kaka ta tsallake ta rasu, ya sake komawa, wannan karon da ƙannensa. Ya ce mutane suna zaginsa, uwarsa tana zaune a gidan wasu shi yana da ɗaki a rufe. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Kun ɗauke ni daga inda kabarin ubanku yake, ban ce muku komai ba. Sau ɗaya ya isa." A ɗakin nan ta ƙarasa kwanakinta, tana hango rufin gidan ɗanta ta ƙofa.

Babana bai taɓa zagin hukuma a kan saukar da mu ba. Yakan ce da mun zauna, dutsen zai ci gaba da cin mutane. Abin da ya tsaya masa a rai har tsufansa daban ne. Ranar kafa fegi, filin da ke jikin namu ba mai shi. Da ya buɗe baki ya ce a ajiye wa maƙwabcinmu, da an ajiye, malamin awon ba mai wuyar sha'ani ba ne. Bai ƙi ba, bai dai tuna ba ne. Kowa a wurin yana lissafin inda ruwa zai bi da inda mota za ta tsaya, ba wanda ya tambayi tsofaffi biyu wa suke so a kusa da su.

Ni ma abin yana dawo min yanzu fiye da da, don shekaruna sun wuce na kakata lokacin da ta rasu. Ɗana na fari ya gina gida a Abuja, ya ware min ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki, ya matsa sai na koma. Na ce masa, to, matar da ke bayan katangata fa? 'Yar Tibi ce, tun muna amare muke tare, ita ta wanke shi ranar da aka haife shi. Ya ce, "Mama, ai akwai waya." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

Har akwati ya sayo min na tafiyar, sabo fil mai taya. Ya daɗe a bayan ƙofa. Kwanan baya maƙwabciyar tawa ta ce in ara mata ta zuba agushi, ɓera na damunta. Na ba ta.