A Jira Ta

Jiya maƙwabciyata ta jiƙa ɓawon ɗorawa, warin makuba, ruwan jiƙon nan da ake daɓe da shi, ya shigo har ɗakina, sai na zauna a bakin gado ina hawaye. Tun rasuwar maigidana kuka ba ya mini wuya.

Ina yarinya, a gidanmu na Sakasaka, kafin siminti ya zo, da rani ake daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, mu 'yan mata mu durƙusa a layi, kowa da madaɓinta, muna dukan ƙasa muna ja da baya tare. Akwai 'yar goggona mai shanyayyen hannu, da hagu take duka. Kullum a tsakiyar layi Kaka ke sa ta. In ba ta gama ba, duk mu tsaya, rana tana gasa mana ƙeya. Wata rana yayata ta gaji, ta miƙa madaɓi za ta yi mata nata gefen. Kaka ta riƙe hannunta, ta ce, "Wa ya aike ki? Jira ta." Mun yi ta ƙunƙuni. Amma yarinyar nan ta girma tana taka daɓen da ta san da hannunta a ciki.

Yanzu jikata nake riƙo, tana da in'ina. A makarantarsu ticha ya raba su kashi-kashi, su gina ɗan gida da laka da kwali, wai su koyi aiki tare. Kafin ta fitar da kalma ɗaya, 'yan kashinsu sun riga sun yanke shawara. Suka ce ta tsare musu jakunkuna. Gidan ya yi kyau, aka tafa musu, ita ma aka ba ta maki. Ta dawo ta ƙi cin tuwo.

Na yafa mayafi na je makarantar. Ticha ya ba ni kujera, ya saurare ni da ladabi. Ya ce, "Mma, yaran sun yi mini yawa, abin da suka gama kawai nake iya gani." Ban ga laifinsa ba, ajin ko wurin sa ƙafa babu. Na ce, "Ɗana, ka sa su jira ta." Ya ce zai gwada.

A da aikin na tafiya da saurin mai rauni, yanzu kowa na sauri. Yau za su fara sabon aiki, da safe jikata ta ce cikinta na ciwo. Na san ba cikin ba ne. Na sa mata takalmi, na raka ta har bakin titi. Ta tafi tana waiwaye, ni kuma na tsaya nan har ta ɓace mini.