Zirin da Ba Ya Karɓar Gyara

Baba dillalin shanu ne a Zango, kuma ya rantse ba zan koma jami'a karo na uku ba sai ya ga abin da nake karantawa da idonsa. Ni kuwa an ba ni gurbin digirin ƙarshe, izininsa kawai ya rage.

Sai na kwaso aikin na kawo tsakar gida: wani ziri siriri kamar zaren kaset, na'urar ba shi wuta, da mita. Ruwan naitrojin na sanyaya shi kuwa wajen likitan dabbobi na roƙo, wanda yake adana maniyyin bijimai a ciki. Da Baba ya ji haka, nan take ya fara ganin karatuna da daraja.

Na tsoma zirin, farin hayaƙi ya malala har ƙarƙashin kujerun matan gida, suka ɗage ƙafa suna salati. Daɗi ya kama ni, bakina ya ƙi rufuwa. Na bayyana cewa muddin zirin ya yi sanyi haka, wuta na ratsa shi ba tare da ko ɗigo ya ɓata ba, shi ya sa allurar mita ta kwanta a sifili. Amma yana da iyaka. Idan wutar ta haura ta, sai ya koma waya kamar kowace, ya ɗau zafi. Na murɗa maɓallin har gab da iyakar, na janye hannu ina taƙama.

Na manta ko wane ne ubana. Mutumin da ko me ya saya sai an yi masa gyara, shi ma bai taɓa sallamar mai saye ba ƙari.

"Uwata, ba gyara kuwa?" in ji shi, ya miƙa hannu ya ɗan murɗa.

Allura ta zabura, ruwan ya tafasa, zirin ya yi ƙas ya rabu biyu. Shi ke nan gare ni, ba wani. Matan gida suka kwashe da dariya, ni ma na bi su.

Baba ya daɗe yana kallon guntayen. Ya tambaya ko akwai wanda ya san yadda za a ɗaga iyakar nan sosai. Na ce abin da muke nema ke nan.

"To zaman me kike yi a gidana? Koma ki gama. Kayan da ba ya ɗaukar gyara ba na kai shi kasuwa."