Baƙin Yashi a Gonar Gado

Hayatu Yaji mutumin Digil ne, kusa da Mubi, kuma tun yana kiwon shanun mahaifinsa ba a san shi da zama wuri guda ba. Tuƙin mota ya kai shi Jos, inda maigidansa ke buga golf, wasan da ake kora 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Jira a mota ya ishe shi, sai ya ari sanda. Hannun da ya saba da sandar kiwo bai sha wuya ba. Bai taɓa mai da wasan sana'a ba, amma ya ci kofi a Jos, ya ciyo wani a Kaduna, har manyan da yake buɗe wa ƙofar mota suka koma tafa masa.

Da ya ajiye aiki ya dawo Mubi, sai zama ya gagare shi, ga gasar dattawa tana matsowa, ga shi ba filin wasa. Ya shiga gonar gadonsu ya yi abin da ya gani a filin wasan Jos: ya kwaɓa yashi da baƙin mai, ya shimfiɗa, ya daddaɓe, ya haƙa rami a tsakiya. Daidai inda yayarsa, Adda Hapsatu, take shuka gyaɗa.

"Hayatu, kofin naka dafa shi za mu yi?" in ji ta.

"Adda, ki yi mini haƙuri a gama gasar."

"Ni na yi. Ruwan sama fa? Ya sauka kan man nan, ya bi gangare, gyaɗata ta tafi, har da ta maƙwabta."

Ya yi ta kai da komo a bakin yashin, ya buga, ya kuskure, ya sake bugawa, idonsa na kan hadarin da ke haɗuwa bayan duwatsu. Can ya jefar da sandar, ya ɗauko shebur da baro. Ya kwashe yashin har jar ƙasa ta fito, yana kai shi kan fako inda ko ciyawa ba ta tsira. Yana tura baron ƙarshe ruwa ya kece.

Ya je gasar hannu duk kanta, ya dawo ba kofi. Gyaɗar Adda kuwa ta yi kyau, ban da wata 'yar da'ira mai faɗin faifai da ta ƙi tsiro. Har yau in ta zo wurin sai ta harari fakon, inda Hayatu ke bin ƙwallon da ke gangare masa tsakanin duwatsu.